TASHAR AGEGE: INDA DOGO YA HAIFI KASUWA

Kaka ta wuce. An ɗaure dammuna, an zuba hatsi a rumbu gwargwadon abin da Allah ya ba kowa. A ƙasar Tasawa da ta Mayahi samari sun fara ɗaure kaya. Daga Urafan, daga Korgom, daga Kanambakashe, daga Sarkin Hausa, kowa ya nufi tashar mota. Wasu Kano za su tsaya, wasu Kaduna. Wasu kuwa sai bakin teku, birnin Ikko, wanda ake kira Legas.

Bisashe ma hanyarsu ke nan. San da makiyayi ya sayar a kasuwar garinsu, dillali ya miƙa shi ga falke, falke ya sa shi a tirela. Sau da yawa tafiyar san nan ba ta ƙarewa sai a wata unguwa ta bakin birnin Ikko. Sunan unguwar Agege.

A Agege akwai tashar jirgin ƙasa. Ya kamata manoma da makiyaya su san labarinta, don dalili biyu. Na ɗaya, ƴaƴansu masu zuwa ci rani suna ratsa ta. Na biyu, ana shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Abin da tasha ta yi ma Agege ya isa ya zama darasi ga mutanen da tasha ke matsowa kusa da su.

JIRGI IRI BIYU NE

Akwai jirgin doguwar tafiya. Shi ne mai haɗa gari da gari, kamar Ikko da Ibadan, ko Abuja da Kaduna. Yana ɗaukar mutane, yana ɗaukar kaya.

Akwai kuma jirgin cikin birni. Shi ba ya zuwa nesa. Aikinshi ya kwaso mutanen unguwannin bayan gari da safe ya kai su tsakiyar birni wurin neman abinci, da maraice ya maido su gida. Tashoshinshi kusa da juna suke.

Birnin Landan na ƙasar Ingila ne ya fara irin wannan jirgi a ƙarƙashin ƙasa, a shekarar 1863. Birnin Paris ya yi nashi a 1900. A Afirka, Alƙahira ce ta fara, a 1987. Alhazan da sunka sauke farali daga 2010 zuwa yau sun ga irinshi da idonsu: shi ne mai ɗaukar mahajjata tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa.

Ikko ma ta bi sahu, don dole. Ana ƙiyasta mutanen birnin sun haura miliyan 15. Motoci sun fi ƙarfin hanya. Tafiyar da ba ta fi ta kai amalanke kasuwar maƙwabta ba, sai ta ci ma mutum awa biyu ko uku cikin gosulo. Don haka gwamnatin jihar ta yi layi biyu. Shuɗin Layi ya fara aiki ran 4 ga Satumba 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. Jan Layi kuwa shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya buɗe shi ran 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja ran 15 ga Oktoba na shekarar. Hukumar da ke kula da su ita ce LAMATA.

Tsawon Jan Layi kilomita 27 ne, tashoshinshi 8. Ga su bi da bi, daga arewa zuwa kudu:

Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo.

Agege ita ce ta uku. Wanda ya hau daga nan, tasha ta gaba Ikeja ce, mazaunin gwamnan jihar. Sai Oshodi mai babbar tashar mota. Sai Mushin. Sai Yaba, inda ake cinikin tufafi. Ƙarshe Oyingbo, mai tsohuwar kasuwar kayan abinci. Daga farkon layin zuwa ƙarshenshi tafiyar kusan awa ɗaya ce.

A Agege jirgin iri biyu ke ratsawa bisa dogo guda. Jan Layi na bin sabon dogon da ya tafi Ibadan, mai tsawon kilomita 157, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ran 10 ga Yuni 2021. Tashar jirgin Ibadan da ke Agege an sa mata sunan Babatunde Fashola, tsohon gwamnan jihar. Saboda haka baƙo ya lura. Mai zuwa Oshodi kada ya shiga layin masu zuwa Ibadan. Matambayi ba ya ɓata.

DA, AGEGE ƘAUYE NE

Wanda ya ga Agege yau ba zai yarda ba cewa da gonaki ne da kurmi. Amma haka take. Ƙauyen manoma ne, nesa da birni.

Turawan Ingila sunka shimfiɗa dogo daga Ikko zuwa Ibadan, anka buɗe shi a 1901. Dogon ya bi ta Agege, anka yi tasha. A 1911 jirgi ya shiga Kano. A 1912 anka haɗa Kano da Ikko.

Kafin wannan lokaci, goro daga Gwanja yake zuwa ƙasar Hausa. Fatake ke ɗauko shi bisa jakuna, wata da watanni suna hanya, ga ƴan fashi, ga fito a bakin kowane kogi. Manoman Agege sunka lura da abu biyu: mutanen arewa na son goro, ga kuma jirgi a ƙofar gonarsu. Sai sunka dasa irin goron da Hausawa ke so. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Fataken Hausa sunka biyo goron. Sunka sauka kusa da tasha, sunka kafa zango, sunka gina masallaci. Goro na hawa arewa, shanu na gangarowa kudu. Mahauta sunka zo, masu masauki sunka zo, malamai sunka zo da almajiransu. Har yau akwai Sarkin Hausawan Agege. Makarantar Larabci da ake kira Markaz, wadda Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952, ita ma Agege anka maido ta. Babbar mayankar Ikko, wadda ake kira Oko-Oba, a Agege take. Can ne shanun arewa da yawa ke ƙare tafiyarsu.

Sannu a hankali birni ya yi ta faɗi har ya haɗiye ƙauyen. Gonakin goro sunka zama gidaje. Tashar da anka yi don lodin goro, yau ma'aikata da ƴan kasuwa ke cika ta da sassafe.

Abin lura a nan shi ne, jirgi bai raba ma kowa kuɗi ba. Hanya kawai ya buɗe. Waɗanda sunka amfana su ne waɗanda ke da abin sa mashi.

YADDA AKE SHIGA

Tashar jirgin cikin birni ba kamar tashar motar kasuwa take ba. Ga bambancin.

Jirgi ba ya jira ya cika. Yana da lokacin tashi. In lokacin ya yi, ko mutum goma ne a ciki zai tafi. Da anka fara a 2024, da safe da maraice yake tashi, lokacin fita aiki da na komowa. Lokutan na sakewa, don haka a duba allo ko a tambayi ma'aikacin tasha.

Babu ciniki. Babu ɗan kamasho mai jan rigar mutum. Kuɗin kowace tafiya a yanke yake, na baƙo da na ɗan gari duk ɗaya.

Ba a miƙa kuɗi hannu da hannu a cikin jirgi. Akwai kati da ake saye, ana zuba mashi kuɗi. Sunan katin Cowry. Ma'anar kalmar ita ce wuri, wato kuɗin da kakanni sunka yi ciniki da shi kafin zuwan tamma da dala. Mutum ya ɗora katin bisa na'urar ƙofa, ta cire kuɗin tafiya, ya wuce. Da katin nan ake shiga manyan motocin safa na gwamnatin jihar. A saye shi a wurin ma'aikata, ba a hannun wani na tsaye bakin hanya ba.

Jirgin na mutane ne. Ba a yi shi don raguna ko tarin buhuna ba.

In jirgi ya tsaya, a bar na ciki su fito tukuna. A dakalin jira, a tsaya nesa da baki har jirgin ya tsaya cik.

Rubutun allunan tasha da Ingilishi yake. Amma sunayen tashoshi da baƙaƙen boko anka rubuta su, irin waɗanda ake koyarwa a ajin yaƙi da jahilci. Lambobin agogo da na kuɗi su ma iri ɗaya ne ko'ina. Wanda ya iya haɗa baƙi, zai karanta AGEGE, zai karanta YABA, ya san inda zai sauka. Wanda bai iya ba, sai ya riƙa taɓa na kusa da shi yana tambaya da harshen da ba a ji. Irin wannan ne ake zarcewa da shi, irinshi ne kuma macuta ke nema.

DOGO BA WURIN ZAMA BA NE

Shekara da shekaru ƴan tireda na baza kaya a kan dogo a Agege da wasu unguwannin Ikko. In sun ji kukan jirgi su janye, in ya wuce su maido. Tsohon jirgi a hankali yake tafiya. Na yanzu ya fi shi gudu, ya kuma fi shi yawan wucewa.

Ran 9 ga Maris 2023, wata motar safa ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar ta yi ƙoƙarin ƙetare dogo a Ikeja, tasha ɗaya daga Agege. Jirgi ya same ta. Mutum 6 sunka rasu, da yawa sunka ji ciwo. Saboda gudun irin wannan ne anka gina gadoji bisa dogon a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo, mota ta bi sama, jirgi ya bi ƙasa. A Agege gadar da ake kira Pen Cinema tun 2021 anka buɗe ta.

Dole kowa ya san wannan: jirgi ba ya kaucewa, ba ya kuma tsayawa nan take. Ƙafafunshi ƙarfe ne bisa ƙarfe. Jirgi mai nauyin kaya, in direba ya taka birki, yana iya cin kilomita guda kafin ya tsaya. Ko ya hango mutum, ba abin da zai iya sai busa.

Shuɗin Layi kuwa da lantarki yake tafiya, wutar na bin wani ƙarfe da ke shimfiɗe kusa da dogon. Taka shi halaka ne.

Ɗan ci rani mai tura baro, mai sayar da shayi, mai gyaran takalmi, kada ya kafa sana'arshi a kan dogo don wurin ba haya. Iyali na jiranshi ya komo kafin shuka.

MUTANEN TASAWA BA BAƘIN JIRGI BA NE

Dogo bai taɓa zuwa Tasawa ko Mayahi ba. Amma tsofaffi sun ci kuɗin jirgi.

Da jirgi ya iso Kano, Turawan kamfani auduga sunka sa rai za su samu. Manoma sunka yi lissafi, sunka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ɓaci ana iya cin ta. Sai sunka shuka gyaɗa. Daga 1912 ta cika tashar Kano. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda da fataucin goro yake yi, ya zama babban mai sayenta. Buhuna sunka taru har anka riƙa jera su dala-dala suna jiran jirgi.

Cinikin ya ƙetaro iyaka. Gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magarya ta riƙa tafiya Kano a mota, daga can jirgi ya kai ta bakin teku. Wato buhun da anka auna a Tasawa ya ratsa ta tashar Agege. Daga 1953 Faransawa sunka karkatar da wani kashi ta Paraku da Kotonu. A 1962 anka kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗar Nijar. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa ma gyaɗa a 1975, su sunka karya wannan ciniki.

Ke nan tasha na iya canza noman garin da ke nesa da ita. Ta taɓa yi.

DOGON DA KE TAFE

Ran 9 ga Fabrairu 2021 anka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi. Gwamnatin Nijeriya ce ta ba da aikin ga kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawonshi kilomita 284. An tsara ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya shigo Nijar ya tsaya Maraɗi.

Ga mutanen Mayahi, tashar Maraɗi ce ta kusa. Ga mutanen Korgom da Hawandawaki, Daura ta fi Maraɗi kusa.

Sai dai kada a yi gaggawar murna. Akwai abu biyu da ya kamata a sani.

Na farko, dogo iri biyu ne a Nijeriya. Tsohon na zamanin Turawa, tsakanin ƙarafunshi mita 1 ne da milimita 67. Sabon kuwa mita 1 ne da milimita 435. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Dogon Maraɗi sabon iri ne. Kafin tarago ya tashi daga Maraɗi ya isa Agege ba tare da an sauke kaya ba, sai sabon dogo ya haɗu tun daga Kano har Ibadan. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016. Na Kaduna zuwa Kano an aza harsashinshi a 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja akwai sauran aiki.

Na biyu, ƙarfe kaɗai ba ya kawo kasuwa. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140. Anka yi bukin buɗe shi a Janairu 2016. Amma ba a haɗa shi da dogon Paraku mai zuwa teku ba, bai kuma yi jigilar kaya da fasinja ba. Agege ta ci riba ne don dogonta na da kasuwa a kowane kai: goro a kudu, shanu da gyaɗa a arewa.

ABIN DA MAKIYAYI ZAI DUBA

Sa ba ya son doguwar tafiya a tirela. Kwana da kwanaki yana tsaye a matse, ba ci ba sha yadda ya kamata. Yana ramewa, wani ya karye, wani ya mutu. Ga tsaye-tsaye a hanya. Falke ya san da wannan asara, don haka tun a kasuwar ƙauye yake rage ta daga kuɗin da zai ba makiyayi. Mai dabba ne ke biyan wahalar hanya, ko da bai taka ta ba.

A watan Satumba 2016 an yi gwaji. An loda shanu 500 a jirgi daga Gusau zuwa mayankar Oko-Oba. Wannan ya nuna abin na yiwuwa. In hanya ta yi sauƙi, makiyayi na da bakin da zai nemi ƙarin kuɗi.

Akwai kuma maganar burtali. Masu gangarawa da garke kudu da rani, zuwa ƙasar Katsina da Daura da Kazaure, za su tarar da dogo a gabansu. Garke ba ya ƙetare dogo ko'ina. Sai a nemi inda anka bar mashiga. Kada a tsaya kiwo a gefen dogo, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai ya ƙetarar da shanu. Shugabannin makiyaya su bincika wuraren ƙetarawa tun kafin garke ya tashi.

ABIN DA MANOMI ZAI DUBA

Jirgin kaya ba ya tsayawa don tiya goma. Tarago ake cikawa. Manomi guda ba ya cika tarago, amma ƙungiyar gari na iyawa. Ƙasar nan na da abin sayarwa: wake, riɗi, gyaɗa, jar akuya da fatarta, da tabarmi da igiyar da ake yi da kabar Gulbin Kaba. Garin da ya tara kayanshi wuri guda, ya tsabtace su, ya auna, shi ne zai yi magana da babban ɗan kasuwa ido da ido. Garin da kowa ke sayar da nashi a ɓoye tun hatsi na gona, sai dillalai su ci ribar jirgin su bar mashi ƙura.

A tasha komi da takarda ake yin shi: nauyin kaya, kuɗin lodi, takardar duwan, takardar allurar dabbobi. Dokar fitar da abinci da bisashe waje tana sakewa, iyaka ma an rufe ta daga 2019 zuwa 2020, an sake rufe ta daga 2023 zuwa 2024. Don haka a tambayi hukuma kafin a ɗaura kaya. Mai tafiya kuma ya riƙe katinshi na ɗan ƙasa. Kowace ƙungiya na bukatar mutum biyu ko uku da sunka iya karatu da lissafi sosai, maza da mata, don kada a rubuta buhu 90 inda anka loda 100.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A ƙasar Tasawa akwai gari mai suna Maijirgi, ga shi kuwa jirgin ƙasa bai taɓa bi ta nan ba. Ba a kuma tsara dogon Maraɗi zai bi ba. Amma gyaɗar da ta tafi Kano a zamanin kakanni ba ta jira dogo ya zo ƙofar gida ba.

Manoman Agege sun dasa goro, goro kuwa sai ya shekara da shekaru kafin ya yi ƴaƴa. Da sun jira sai fatake sun cika tasha sannan su dasa, da wasu sunka ci kasuwar.

Rani ya shigo, aikin gona ya yi sauƙi. Lokacin ajin yaƙi da jahilci ke nan, lokacin taron ƙungiya ke nan. Masu tafiya Ikko su riƙe sunayen tashoshin nan takwas. Masu zama gida su karanta ma waɗanda ba su iya ba tukuna. Wanda ya karanta labarin nan da kanshi tun daga farko har nan, allon tashar Agege ba zai gagare shi ba.